Farautar ɓoyayyen foton: ko shi ne zai tona asirin abu mai duhu?

Fiye da shekaru 90 ke nan masana kimiyya suna neman wani abu da ya fi dukkan taurari da duniyoyi nauyi a sararin samaniya, amma har yau babu wanda ya taɓa ganinsa. Wasu daga cikinsu na ganin mai yiwuwa wani irin haske da ido ba ya gani ne zai kai su gare shi.

A cibiyar nazarin fasaha ta birnin Karlsruhe da ke kudu maso yammacin ƙasar Jamus, masana sun taɓa kafa wani ƙaton madubi a cikin wani ɗaki maras taga, suka toshe duk wata kafa da haske zai iya shiga, sannan suka koma gefe suna jira su ga ko madubin zai fitar da haske da kansa. Wanda duk ya ji wannan labari ba tare da bayani ba zai ɗauka ɓata lokaci ne, domin kowa ya san madubi ba shi da hasken kansa, abin da aka haska masa shi yake mayarwa.

To sai dai masanan suna da dalilinsu. Suna farautar wata ƙwaya ce da suka laƙaba wa suna ɓoyayyen foton, wadda lissafi ya nuna cewa tana iya kasancewa, ko da yake babu wata na'ura da ta taɓa kama ta. Kafin a fahimci dalilin wannan farauta kuwa, wajibi ne a koma baya ga matsalar da ta haife ta.

Nauyin da ba a san inda yake ba

A shekarar 1933 ne wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Fritz Zwicky, wanda ke aiki a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya auna gudun gungu-gungun taurari da ke cikin wani babban taro nasu da ake kira Coma. Ya tarar suna gudun da ya kamata a ce tuni sun watse, kowanne ya kama gabansa, idan har nauyin taurarin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da su. Saboda haka ya ce lalle akwai wani abu mai ɗimbin nauyi a wurin da ba ya ba da haske, ya kuma kira shi abu mai duhu da harshen Jamusanci. Takwarorinsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba sai bayan kusan shekaru 40.

A cikin shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mai suna Vera Rubin da abokin aikinta Kent Ford suka auna yadda taurari ke kewaya tsakiyar gungunsu, inda suka fara da gungun Andromeda. A ƙa'ida, abin da ya yi nisa da tsakiya shi ya kamata ya fi tafiya a hankali. Haka lamarin yake a kewayen ranarmu: duniyarmu tana tafiyar kilomita 30 a kowace daƙiƙa, yayin da duniyar Neptune da ke can nesa ba ta kai kilomita 6 ba. Amma taurarin da ke gefen gungun Andromeda gudunsu bai ragu ba. Duk wanda ya taɓa kaɗa majajjawa ya san cewa gwargwadon saurin juyawar dutse, gwargwadon ƙarfin igiyar da ake bukata don riƙe shi. Igiyar da ke riƙe taurari ita ce ƙarfin jan nauyi, kuma nauyin da ake gani ya yi kaɗan ƙwarai. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza.

Daga baya hujjoji sun ci gaba da taruwa ta hanyoyi dabam-dabam. Alƙaluman da tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Planck ya tattara, waɗanda aka bayyana a shekarun 2013 da 2018, sun nuna cewa duk abin da muka sani, daga ƙasa da ruwa da jikin ɗan'adam har zuwa taurari, kashi 5 ne kacal cikin ɗari na abin da sararin samaniya ya ƙunsa. Abu mai duhu ya ɗauki kimanin kashi 27, ragowar kashi 68 kuma wani makamashi ne da shi ma ba a san ko mene ne ba, wanda labarinsa dabam ne. Wato ke nan abu mai duhu ya ninka abin da muke gani fiye da sau biyar.

Sunan ma dai yana iya ruɗar mutum. Abin ba baƙi ba ne, domin baƙin abu yana tare haske, yana kuma yin inuwa. Wannan kuwa haske ratsa shi yake yi kamar babu komai a wurin. Kuma ba a can nesa kawai yake ba: bisa lissafin masana yana ratsa duniyarmu da jikinmu dare da rana, sai dai ba shi da kauri ko kaɗan a nan kusa. Da za a tattara wanda ke cikin fili mai girman duniyarmu baki ɗaya, da bai cika kilo ɗaya ba.

Akwai wasu masana 'yan ƙalilan da ke bin ra'ayin Mordehai Milgrom na ƙasar Isra'ila, wanda a shekarar 1983 ya ce babu wani ɓoyayyen abu, dokar jan nauyi ce ke bukatar gyara. Mafi yawan masana ba su gamsu da wannan ba.

Wanda aka daɗe ana zargi

Tun daga shekarun 1980 akasarin kuɗi da ƙwazo sun tafi ne wajen neman ƙwaya guda ɗaya mai nauyi da ake kira WIMP a taƙaice. An haƙiƙance cewa idan aka tanadi wani abu mai tsabta a ƙarƙashin ƙasa, inda babu abin da zai dame shi, wata rana ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi za ta yi karo da shi a gani. A kan haka ne aka gina na'urar LZ a wata tsohuwar mahaƙar zinariya da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka, a zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, aka cika ta da tan 10 na ruwan iskar zenon. Akwai takwarorinta a ƙarƙashin tsaunin Gran Sasso na Italiya da kuma Jinping a ƙasar Sin. Sakamakon da LZ ta fitar a 2022 da 2024 bai nuna alamar WIMP ba. Kazalika babbar na'urar karo da ƙwayoyi ta cibiyar CERN da ke kusa da birnin Geneva, mai kewayen kilomita 27, wadda ta gano ƙwayar Higgs a 2012, ita ma ba ta samar da ita ba.

Wannan shiru ne ya sa wasu masana suka sake yin wata tambaya da a da ba a cika kula ta ba. Kashi 5 ɗin da muka sani ba abu guda ba ne. Yana da ƙwayoyi iri-iri, da ƙarfi iri-iri da ke haɗa su, waɗanda suka samar da sinadarai fiye da 100. To me ya sa za a ɗauka cewa kashi 27 ƙwaya ɗaya ce tak, kurma kuma bebiya, da ba ta hulɗa ko da 'yan'uwanta? Mai yiwuwa abu mai duhu al'umma ce guda mai nata dokoki, da nata irin lantarki, har ma da nata haske.

Foton da ɗan'uwansa

Haske ba ya zuwa a matsayin abu guda mai kwarara kamar yadda ido ke nunawa. A dunƙule yake zuwa, ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda Albert Einstein ya bayyana a 1905, kuma kowace ƙwayar haske ita ake kira foton. Hasken rana, da igiyoyin rediyo, da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, duk foton ne, ƙarfinsu ne ya bambanta. Bugu da ƙari foton shi ne ɗan aiken da ke kai saƙo tsakanin abubuwa masu cajin lantarki. Idan maganaɗisu ya ja ƙusa, shi ne ke tsakani. Dalilin da ya sa ba a ganin abu mai duhu shi ne ba shi da irin wannan caji, don haka foton ba ya kula shi.

Idan har abu mai duhu yana da nasa irin caji, to zai bukaci nasa ɗan aike. Wannan shi ne ɓoyayyen foton. Babban bambancinsa da namu shi ne ana zaton yana da nauyi, alhali namu ba shi da nauyi ko kaɗan.

Tunanin ba sabo ba ne. Masanin kimiyya na tsohuwar Tarayyar Sobiyet Lev Okun ya yi rubutu a kan irin wannan ƙwaya a 1982. Shekaru 4 bayan haka, a 1986, Bob Holdom na jami'ar Toronto a Kanada ya nuna abin da ya zama ginshiƙin dukkan binciken da ake yi yanzu: dokokin kimiyya ba su hana foton ɗin biyu cuɗanya da juna ba. Ma'ana, jefi-jefi foton namu na iya rikiɗa ya zama ɓoyayye, ɓoyayyen kuma ya rikiɗa ya zama namu. Idan aka ɗauki abu mai duhu da abin da muke gani a matsayin garuruwa biyu da ba sa jin harshen juna, to ɓoyayyen foton shi ne tafinta, ko da yake tafinta ne mai ƙarancin magana.

A nan akwai wani abu da rahotanni kan cakuɗa, wanda ya kamata a rarrabe. Ɓoyayyen foton na iya taka ɗaya daga cikin rawa biyu, gwargwadon nauyinsa. Idan nauyinsa ya wuce ninki biyu na ƙwayar lantarki da ake kira elektiron, to ba ya daɗewa: nan da nan yake tarwatsewa ya zama elektiron da kishiyarta fositiron, ko kuma wasu ɓoyayyun ƙwayoyi. Irin wannan ba zai zama abu mai duhu ba, sai dai ɗan aikensa. Idan kuwa nauyinsa bai kai haka ba, kuma cuɗanyarsa da namu ba ta da ƙarfi, yana iya wuce shekaru biliyan 13.8 da sararin samaniya ya yi ba tare da ya lalace ba. A shekarar 2011 marigayiya Ann Nelson da Jakub Scholtz na jami'ar Washington da ke birnin Seattle suka nuna yadda za a iya samar da irin waɗannan da yawa tun farkon samuwar sararin samaniya, har su wadatar su zama su ne abu mai duhu da kansu.

Matsalar ita ce lissafi bai faɗi nauyin ba, bai kuma faɗi ƙarfin cuɗanyar ba. Halin da masanan ke ciki ya yi kama da na mai neman wata tasha a gajeren zango, bai san mitar da take ba, bai san ƙarfin muryarta ba, bai ma tabbatar da cewa tana watsa shirye-shirye ba. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙa murɗa akwatin a hankali yana kasa kunne. Hasali ma akwai wata na'ura da masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka raɗa wa suna rediyon abu mai duhu, saboda haka take aiki.

Madubi da bango da ma'auni

Wannan ya dawo da mu ga madubin Karlsruhe. Dabarar, wadda wasu masana a Jamus suka gabatar a ƙarshen 2012, mai sauƙi ce. Idan ɓoyayyun foton ne abu mai duhu, to kullum suna ratsa kowane ƙarfe da ke duniya. Saboda 'yar cuɗanyar da ke tsakaninsu da haskenmu, za su riƙa girgiza elektiron da ke fuskar ƙarfen kaɗan-kaɗan, lamarin da zai sa ƙarfen ya fitar da foton na gaskiya, wanda zai miƙe sak daga fuskarsa. Idan aka lanƙwasa ƙarfen kamar ɓangaren ƙwarya, dukkan wannan haske zai taru a wuri guda, daidai tsakiyar da'irar, inda za a ajiye na'urar da ke iya ƙirga foton ɗaya bayan ɗaya. Launin hasken kuma shi zai faɗi nauyin ƙwayar.

Madubin da aka yi amfani da shi a gwajin, mai suna FUNK, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 14, kuma ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. Samfuri ne na maduban da aka yi wa cibiyar Pierre Auger da ke ƙasar Ajantina. A 2020 masanan suka bayyana sakamakonsu: madubin bai yi haske ba. Abin da suka iya tabbatarwa shi ne, idan ɓoyayyun foton masu irin nauyin da suka bincika ne abu mai duhu, to ƙarfin cuɗanyarsu da haskenmu bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce haska bango. Ana tara haske mai ƙarfi a gefe guda na bangon da ba ya ratsuwa. Idan wani foton ya rikiɗa ya zama ɓoyayye, zai wuce ta cikin bangon salin-alin, kuma akwai yiwuwar ya sake rikiɗa a ɗaya gefen a gan shi. Cibiyar DESY ta birnin Hamburg ta yi irin wannan gwaji da hasken leza, ta fitar da sakamako a 2010, sannan a watan Mayun 2023 ta ƙaddamar da wanda ya fi shi girma mai tsawon kimanin mita 250, duk da cewa babban abin da wannan ke nema wata ƙwaya ce dabam mai suna aksiyon. A cibiyar Fermilab da ke kusa da birnin Chicago kuwa, an yi amfani da wasu tukwane biyu na ƙarfen niyobiyam, ƙarfen da ake samu daga ma'adinin kolumbayit irin wanda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. An sanyaya su zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifiri, aka cika ɗaya da igiyoyin rediyo, aka bar ɗayar wayam ana saurare. Sakamakon 2023 ya nuna babu abin da ya tsallaka.

Masu neman ɓoyayyen foton mai nauyi kuwa dabarar 'yan kasuwar hatsi suke bi. A gwajin NA64 na cibiyar CERN, wanda aka fara a 2016, ana harba elektiron ɗaya bayan ɗaya a kan wani shinge, bayan an auna ƙarfin kowacce, sannan a auna abin da ya fito. Idan aka zuba mudu 100 aka kwashe mudu 50, kuma babu wanda ya ga inda saura ya zube, to an san akwai ɓarawon da ba a gani. An harba ɗaruruwan biliyoyin elektiron, awo bai taɓa nuna giɓin da ake nema ba. Wata ƙaramar na'ura mai suna FASER, da aka ajiye mita 480 daga inda ƙwayoyi ke karo a babbar na'urar CERN, ita ma ta ba da rahoto a 2023 cewa ba ta gan shi ba.

Ita kanta rana shaida ce. Hasken da ake samarwa a tsakiyarta yakan ɗauki dubban shekaru yana ta karo kafin ya fito, amma ɓoyayyen foton zai fice kai tsaye da makamashin da ya ɗauka. Da hakan na faruwa da yawa, da rana ta fi yadda take ƙuna a ciki, kuma da an ga alamar hakan a yawan ƙwayoyin nutirino da take aikowa. Ba a gani ba, abin da ya kawar da wani babban yanki na inda ƙwayar za ta iya ɓuya.

Alamun da suka dushe

Sau da dama an yi zaton an kusa. A 2008 na'urar PAMELA, wadda Italiya ta jagoranci ƙerawa aka kuma ɗora a kan wani tauraron ɗan'adam na Rasha, ta tarar da fositiron fiye da kima suna zuwa daga sararin samaniya. Wasu fitattun masana, ciki har da Nima Arkani-Hamed da Neal Weiner, suka ce mai yiwuwa ƙwayoyin abu mai duhu ne ke karo da juna suna haifar da ɓoyayyun foton. Wannan bayani ne ma ya fito da sunan ƙwayar fili. A yau masana da dama sun fi karkata ga cewa wasu matattun taurari ne masu juyawa da sauri ke feso fositiron ɗin.

Sai kuma batun ƙwayar muwon, wadda ta ninka elektiron nauyi sau 207. Tun daga 2001 awon da aka yi a cibiyar Brookhaven ta Amurka ya nuna maganaɗisunta ya ɗan saɓa wa lissafi, aka ce ko aikin ɓoyayyen foton ne. Gwaje-gwajen da aka yi a CERN da Kalifoniya tsakanin 2014 da 2017 suka kawar da wannan bayani. A 2025 kuma, lokacin da Fermilab ta fitar da awonta na ƙarshe, masu lissafin sun riga sun sabunta lissafinsu, ya zo daidai da awon. Bisa ga dukkan alamu saɓanin daga lissafin yake.

Wanda ya fi jan hankalin kafofin watsa labarai shi ne na birnin Debrecen a ƙasar Hangari, inda a 2015 Attila Krasznahorkay da abokan aikinsa suka ce sun ga alamar wata sabuwar ƙwaya da ta ninka elektiron nauyi fiye da sau 30, wadda aka sa wa suna X17. Ɓoyayyen foton suke nema, amma nazarin da Jonathan Feng na jami'ar Kalifoniya da abokansa suka yi a 2016 ya nuna cewa in ma ƙwayar gaskiya ce, ba irin wanda Holdom ya siffanta ba ce. Gwajin MEG II a Suwizalan ya neme ta, ya kuma bayyana a 2024 cewa bai gan ta ba, ko da yake bai rufe ƙofar baki ɗaya ba. Duk da haka an sha buga kanun labarai masu cewa an gano ƙarfi na biyar a duniya, maganar da ta yi wa hujjar da ke hannu girma nesa ba kusa ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan ra'ayi yana da rauni guda da masu sukarsa ke nunawa. Tun da lissafi bai ƙayyade ƙarfin cuɗanyar ba, duk lokacin da gwaji ya dawo hannu rabbana ana iya cewa cuɗanyar ce ta fi yadda aka zata rauni. Ta haka ba za a taɓa iya cewa an tabbatar babu ƙwayar ba, sai dai a ce ba ta nan, ba ta can. Masu goyon baya kuwa na cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje ba su da tsada idan aka kwatanta da manyan na'urori, kamar yadda madubin aro na Karlsruhe ya nuna, kuma kowannensu na rage faɗin dajin da ake nema a ciki.

A halin da ake ciki dai ba a daina ba. A watan Maris na 2024 cibiyar CERN ta amince da gina wani sabon gwaji mai suna SHiP, wanda aka tsara musamman domin neman ɓoyayyun ƙwayoyi, ana kuma sa ran zai fara aiki a cikin shekarun 2030. A ƙasar Chile kuma, sabuwar cibiyar hangen taurari da aka sa wa sunan Vera Rubin, wadda ta rasu a 2016, ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025. An tsara za ta shafe shekaru 10 tana ɗaukar hoton sararin samaniyar kudu, kuma daga cikin abin da masana za su duba a hotunan har da yadda abu mai duhu ya taru a ƙananan gungu-gungun taurari, domin yanayin taruwar tasa na iya nuna ko ƙwayoyinsa suna ture juna ko kuwa wucewa kawai suke yi.